Daga gaban kyamara zuwa bakin kaye: lamarin wani ɗan teyatur na Damagaram

Akwai wani dattijo a Damagaram da yaran yanzu ba su san fuskarsa ba, amma in ya ratsa kasuwar Dole sai ka ga masu furfura suna tsayar da shi, suna gaishe shi da sunan da ya ci a wasa tun suna samari. Ba zan faɗi sunansa na yanka ba, don bai nemi a kai shi bainar jama'a ba. Zan kira shi Mushe, wato «monsieur» na Faransanci, kamar yadda kowa yake kiransa, domin malamin lakwal ne, wato makarantar boko, tun kafin ya hau dandali. Ya yi shekaru yana fitowa a tele. Yau aikinsa shi ne rubuta labari da maganganun da wasu za su faɗa a gaban kyamara. Na daɗe ina zama wurinsa, na ga kayensa, wato littafin da yake rubutu a ciki, na halarci repetisiyo ɗinsa, inda ake gwajin wasa kafin a fito da shi, kuma abin da na gani a wannan sauyi nasa ya shafi duk mai son wasan Hausa na wannan gari ya yi tsawon rai.

Gidan da ya taso

Sai an san irin teyatur ɗin, wato wasan kwaikwayon dandali, da ya raine shi kafin a gane wahalar da ya sha da takarda. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, Samariya, ƙungiyar matasa da gwamnati take ɗaure wa gindi, ta yi ƙarfi a kowace unguwa, kuma bikin matasa na ƙasa yana zagaya jihohi, ana gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Gidan rediyo da talabijin na ƙasa, wanda aka kafa a 1967, yana ɗaukar wasannin Hausa yana watsawa, kuma Damagaram na cikin garuruwan da suka fi ba shi ƴan wasa. Wanda ya ji sunan shahararren ɗan wasan nan Yazi Dogo, shi ma malamin makaranta ne, ya san irin matsayin da wannan fanni ya kai a Nijar. Malaman lakwal da ƙananan ma'aikata su ne ƙashin bayan ƙungiyoyin. Da rana suna aji ko ofis, da yamma su hallara a gidan matasa ko farfajiyar wani.

Yadda suke ƙera wasa shi ne abin lura. Shugaban ƙungiya ko wani daga ciki zai kawo jigo, a ce auren dole, ko almubazzarancin biki, ko ma'aikacin da ya ci amana. Sai a zauna a yanka labarin tablo-tablo, wato fitowa-fitowa, a ce a na farko kaza zai faru, a na biyu kaza. A raba rol: wannan shi ne alhaji kullum, wancan boka, wancan baƙauye, wannan ita ce uwargida mai baki. Daga nan kowa ya nemo maganarsa a cikinsa. A yi ta maimaitawa har maganganun su zauna da kansu. Wadda ta ba da dariya a riƙe ta, wadda ta faɗi ƙasa a bar ta nan. In akwai takarda, ba ta wuce shafi ɗaya mai jerin tablo ba. Sauran duk yana bakin mutane.

A gefe guda kuma garin nan ya haifi André Salifou, masanin tarihin da jami'ar Damagaram take ɗauke da sunansa yau, wanda ya rubuta wasa a kan Sarki Tanimu. Amma da Faransanci ya rubuta. Haka koguna biyu suka yi ta gudana a gari ɗaya: wasan da ake rubutawa yana harshen lakwal, wasan da talaka yake kallo yana harshen gida kuma ba a rubuta shi. Mushe ɗan kogi na biyu ne. Rol ɗinsa shi ne ma'aikaci mai girman kai, mai cakuɗa Hausa da Faransanci don a san ya yi boko, kuma ya iya shi har wasu suna ɗauka halinsa ne.

Abin da ya tura shi

Dalilai sun haɗu masa. Tallafin hukuma ya ja baya tun ƙarshen zamanin Samariya, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, komai na ɗaukar hoto ya yi tsada. Daidai lokacin ne finafinan Kano, waɗanda suka fara fitowa a kaset tun 1990, suka cika gidajen kallo. Tsakanin Damagaram da Kano kusan kilomita 240 ne, alhali Yamai tana nesa da kusan 900. Kaset ɗin da ya fito a Kano yakan riga saƙon babban birni isowa. Shekaru ma sun yi nasu: wanda ya saba jan wasa ya koma uban yarinya mai fitowa sau biyu ya ce «na yarda» ko «ban yarda ba».

Amma in ka tambaye shi, ba waɗannan yake fara ambata ba. Rasuwar wani abokin wasansa yake kawowa, wanda yake yin rol ɗin baƙauye. Suna da wani wasa da suka yi ta yi a wurare da dama, mutane suna sonsa ƙwarai. Bayan an yi sadakar arba'in, ƴan ƙungiya suka ce bari su sake yinsa don tunawa da marigayin. Suka ba wani yaro rol ɗin. Sai aka tarar babu abin da za a miƙa masa. Kowa ya tuna an yi dariya a wuri kaza, amma ba wanda ya riƙe ainihin abin da marigayin yake faɗa, da inda yake yin shiru, da karin maganar da yake juyawa ta koma kansa. Suka nemi kaset, wanda aka samu zafi da ƙura sun cinye shi. Mushe ya ce mini a ranar ya gane rabin wasan yana cikin kabari. Da ya koma gida ya ɗauki kaye irin na ƴan lakwal ya fara rubuta abin da ya saura a kansa.

Faɗuwar farko

Aikin rubutu na farko da aka biya shi, wata ƙungiyar raya ƙasa ce ta kawo, tana son gajeren fim a kan karatun ƴaƴa mata. Irin waɗannan ƙungiyoyi su ne suka riƙe ƴan wasa da yawa a Nijar bayan hukuma ta saki, kuma suna da sharaɗi ɗaya da tsohuwar hanya ba ta sani ba: sai sun ga senariyo, wato labarin fim ɗin da maganganunsa, a rubuce, da Faransanci, sun sa hannu, kafin su saki kuɗi. Mushe ya ga abu mai sauƙi. Ya rubuta da Faransanci mai kyau, aka yaba, sannan ya juya shi zuwa Hausa jimla bayan jimla ya raba wa ƴan wasa.

Ranar repetisiyo ta farko abin ya tsaya cik. Mutanen da suka saba magana tana zubo musu kamar ruwa suka koma suna in'ina, ido a takarda. Wata dattijuwar ƴar wasa, wadda suka taso tare, an ba ta ta ce: «Ilimin ƴaƴa mata yana da matuƙar muhimmanci wajen ci gaban ƙasarmu.» Ta karanta sau biyu, ta ajiye takardar a cinya ta ce: «Mushe, don Allah wace uwa ka taɓa ji ta faɗi haka a tsakar gidanta? Wannan ai jawabin gwamna ne.» Ya ce: «To Hajiya, ke da ya za ki ce?» Ta gyara zama ta dubi wanda yake yin mijinta ta ce: «Malam, ni da aka cire ni aji uku, ga ni nan, ko takardar likita sai na kai wa yaron maƙwabta ya karanta mini ciwona. Ita ma haka kake so mata?» Wurin ya yi tsit.

Wannan magana ta Hajiya ita ce makarantarsa ta rubutu. Saƙon ɗaya ne, amma na farko ra'ayi ne tsirara, na biyu mace ce da abin da ya same ta, da kunyar da take ji, da mutumin da take faɗa wa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne Mushe ya san wannan sarai lokacin da yake tsaye a dandali. Bik ɗin, wato alƙalamin da ya riƙe, shi ne ya mayar da shi malamin aji, domin duk rayuwarsa in ya zauna rubutu to Faransanci ne yake fitowa, da tsarinsa da ladabinsa.

Akwai kuma matsalar harafi, wadda ba a cika maganarta ba. Yawancin tsaransa ba su koyi rubuta Hausa a lakwal ba, duk da cewa a nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973. Don haka da ƙa'idar Faransanci yake rubutawa: «tchikin» maimakon «cikin», «koudi» maimakon «kuɗi», babu ƙugiya a ɗ ko ƙ ko ɓ. Ɗan wasan da ya yi lakwal yana iya lalubawa, amma takardar in ta tsallaka iyaka sai ta zama abin wahala. Da furfurarsa ya zauna ya koyi ƙa'idar rubutun Hausa wadda Nijar ta tsayar a 1999, har da ƴ ɗinmu mai lanƙwasa inda mutanen Najeriya suke sa waƙafi a gaban y. Jikarsa ce ta sa masa madannin Hausa a salula.

Hanyar da ya ƙera wa kansa

Bai koma tsohuwar hanya ba, domin kyamara ba ta yarda. A dandali wasa yana tafiya daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya. A fim kuwa ana iya ɗaukar ƙarshen labari ranar Litinin, farkonsa ranar Alhamis, saboda duk abin da zai faru a gida ɗaya sai a tattara a ɗauke shi rana ɗaya don rage kuɗin mota da abinci da man janareto. In kowa yana faɗin abin da ya zo masa, sai mai haɗa hoto ya tarar matar da ta ce ƴaƴanta uku a kashi na biyu ta koma mai biyar a kashi na shida. Dole a sa wa kowace fitowa lamba, a rubuta ciki ne ko waje, dare ne ko rana, wa ke nan, me yake sanye da shi.

Ga abin da ya tsayar. In ya buɗe kaye, shafin hagu na ƙashin labari ne: me kowa yake so a wannan fitowa, me ya hana shi samu, a wane hali za a bar su. A nan yake rubuta wasu jimloli da jan bik, waɗanda yake kira maganar da ba a taɓawa. Su ne masu ɗauke da labarin: alkawarin da za a karya nan gaba, adadin bashi, sunan wanda aka gani a ƙofar gida. Shafin dama kuwa hira ce cikakkiya da baƙin bik, amma ɗan wasa yana da izinin ya tauna ta ya fito da ita da bakinsa. Ranar repetisiyo sai ya ajiye salula tana naɗar murya. Da dare ya saurara, duk inda wani ya faɗi abin da ya fi nasa daɗi sai ya soke nasa ya sa na wancan. Bugu na uku shi ake kaiwa wurin ɗauka.

Kuma ba ya rubutu a zaune shiru. Yana kai da komo a zaure yana faɗin maganar da ƙarfi, ya yi muryar tsohuwa, ya yi ta saurayi. Ya ce jimlar da numfashinsa bai kai ƙarshenta ba, ta yi tsawo. Wannan gadon dandali ne, kuma shi ne fifikon ɗan wasa a kan marubucin da bai taɓa tsayawa gaban jama'a ba: ya san nauyin kalma a baki, ya san inda mai kallo yake gajiya.

Aikin da ya fi nuna wannan hanya shi ne wani labari mai dogon zango da ya gina a kan ƙarancin ruwa, abin da duk ɗan Damagaram ya sani tun yana goye. Gida ne na haya mai ɗakuna da yawa, da wani ɗan ga-ruwa da yake kawo musu bido, wato jarkar ruwa, bashi. Babu wanda ya tsaya ya yi jawabi a kan ruwa a cikinsa. Akwai wata fitowa da amarya ta tashi da asuba ta tarar an rage mata bidon da ta ɓoye a bayan gado don wankan mijinta, kuma ta san uwar mijin ce kaɗai ta shiga ɗakin. Jan bik ɗin da ke wurin jimla ɗaya ce, inda take gaishe ta: «Inna, an tashi lafiya? Ko a ƙaro miki na alwala?» Ita kuwa tsohuwar ta ce: «A'a ƴata, na samu.» Duk matar da ta kalli wannan wuri ta san an yi faɗa an gama, ba tare da an ɗaga murya ba.

Ba zan ɓoye inda nake ganin rauninsa ba. In ya zo kan rol ɗin dattijo, liman ko mai unguwa, malamin lakwal ɗin nan yakan dawo: sai ka ga shafi guda na nasiha a bakin mutum ɗaya. Na taɓa ce masa: «Baba, ku da kuka koya mana a bar labari ya yi magana, ya kuka bar mai unguwa yana wa'azi?» Ya yi dariya ya ce masu kallo tsofaffi suna so. Wataƙila haka ne, amma matasan da suke kallo a salula a fada, wurin zaman hirarsu, nan suke tsallakewa.

Rikicin suna da haƙƙi

Labarin ruwan nan shi ne ya jawo masa baƙin ciki mafi girma. Wani matashi mai kyamara da ɗan jari ya karɓi rubutun. Ya zo har gida ya durƙusa, yana Baba kaza Baba kaza, ya ajiye ƴan jakunkuna a matsayin goro, da alkawarin za a yi lissafi in abu ya fito. Ba a rubuta komai ba. Mushe ya ji nauyin ya ce wa ɗan cikinsa a sa hannu a takarda. Da aka saki fim ɗin a YouTube, sunan matashin ya fito a matsayin mai labari da ba da umarni, na Mushe kuwa yana can ƙasa cikin jerin waɗanda ake yi wa godiya. Lissafin bai zo ba har yau.

An yi zaman sulhu a gaban manyan ƴan wasa. Hujjar yaron ita ce ai ƴan wasa sun canza maganganu da yawa, shi ma ya ƙara nasa wurin ɗauka, to labarin na kowa ne. A nan tsohuwar al'ada ta juyo ta sari Mushe. A teyatur ɗin da, gaskiya ne wasa na ƙungiya ne, ba wanda yake cewa nawa. Sai dai a wancan lokaci ba wanda yake karɓar kuɗin talla shi kaɗai a asusunsa duk wata. An ɗauki ladabin da aka gina don aikin gayya an kai shi kasuwa, inda mutum ɗaya yake kwashe amfanin. Abin da ya ceci Mushe a zaman shi ne kayensa: bugu uku, da jan bik da baƙi, da muryoyin repetisiyo a salula. Aka gyara sunan a sauran kashin da ba a saka ba tukuna.

A ganina yana da nasa laifin, kuma na faɗa masa cikin ladabi. Nijar tana da ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA, inda marubuci zai iya ajiye aikinsa a san nasa ne, kuma takardar yarjejeniya ko ta shafi ɗaya ce, da shaidu biyu, ta fi alkawarin zaure. Kunya ce ta hana shi, kuma kunyar nan ba shi kaɗai take cuta ba. Duk yaron da zai shigo rubutu bayansa zai tarar an saba marubuci goro ake ba shi. Ɗan wasa ko ba a biya shi da kyau ba yana da fuska: a kira shi talla, a gayyace shi biki, mai shago ya yi masa ragi. Marubuci ba shi da komai sai sunan da ya bayyana daƙiƙa biyu a allo. Yanzu dai ba ya sakin shafi ko ɗaya sai an rubuta abu uku: yadda sunansa zai fito, nawa ne kuma yaushe, da wanda yake da ikon sayar da labarin gaba.

Harshen wa za a rubuta?

Tun da tashar talabijin ta Hausa, Arewa24, ta fara watsa shirye-shirye daga Najeriya a 2014, sannan masu dogon zango suka mamaye YouTube, kasuwar mai rubuta Hausa ta faɗaɗa, kuma mafi yawan masu kallo suna kudancin iyaka. Sau biyu ana neman Mushe ya gyara rubutunsa don su: a mayar da jaka naira, lakwal ta koma makaranta, a goge kalmomin Faransancin da suka zama namu, a sa karin Kano. Ya yarda da gyaran ƙa'idar rubutu, ya ƙi na baki. Hujjarsa ita ce mu mun yi shekara 30 muna kallon na Kano, mun koyi «lauya» da «sakandare» ba wanda ya fassara mana, to su ma za su iya koyon «kaye» da «bido». Ina tare da shi a nan ɗari bisa ɗari, ko da yake na san ya rasa aiki saboda haka. Oumarou Ganda, wanda shi ma ɗan wasa ne a fim ɗin Bafaranshen nan Jean Rouch kafin ya koma yin nasa, da labarin gida ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972. Aïcha Macky, ƴar garin nan, da matasan unguwar Kara-Kara da irin maganarsu ta kai fim ɗinta na 2021 ƙasashen duniya. Kuma tun Maris 2025 dokar ƙasa ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa; in ba a samu masu rubuta ta da kyau ba, da muryar Damagaram da ta Maraɗi da ta Tawa, matsayin zai tsaya a takardar doka.

Yanzu yana da yara huɗu da yake koya wa, biyu mata. Sharaɗinsa kafin ya karɓi mutum shi ne ya yi wasa tukuna, ko da rol ɗin mai kawo shayi ne, ya ji yadda maganar wani take a bakinsa. Ranar Alhamis da la'asar kuma yana tara sauran tsofaffin ƙungiya a zaurensa, yaran suna riƙe da kaye, ana tono tsofaffin wasanni ana rubutawa. Sun kammala biyar. Na marigayi baƙauyen nan shi ne na shida, kuma sun maƙale a tablo na uku: Hajiya ta rantse cewa a kasuwa aka kama shi da akuyar, wani tsoho kuma ya ce a gaban alƙali abin ya tonu. Mushe ya sa an rubuta duka biyun, kowanne da sunan wanda ya tuna shi a gefen shafi, ya bar shafi biyu fari a bayansu saboda akwai wata tsohuwar ƴar wasa a Mirya da ba su samu zuwa wurinta ba tukuna.